Inna Mai Keken Hannu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Surukata ta riga mu komawa ranar wata Talata, bayan la'asar kaɗan, a ɗakinta da ke gidanmu na Kankia. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Uwar mijina ce, amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan Inna nake ce mata, haka kuma zan kira ta a nan.

Washegari tsakar gida ta cika. Mata sun zo daga Kusada inda aka haife ta, sun zo daga Mawashi garinmu, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa, sai na lura da wani abu. Mace za ta durƙusa, ta yi mana haƙuri, a shafa fatiha, sannan kafin ta tashi sai ta kama gefen rigarta ta ce, "Wannan ma ita ta ɗinka mini." Wata tsohuwa ta juya mini bakin hannun rigarta, ta ce in duba da kyau. "Yadin ne ya gaji, ɗiyata," in ji ta. "Ɗinkin yana nan, ko zare ɗaya bai tashi ba." Wata kuma tana share hawaye tana dariya, ta ce ita kam Inna ta taɓa korar ta da yadinta a hannu, don kawai ta ce a yi mata sauri. Maƙwabciyarmu ta ce tun da gari ya waye take jin kamar an ɗauke wani abu daga unguwar, sai daga baya ta gane ƙarar keke ce babu.

Can da hantsi ƙawarta ta iso, wata tsohuwar Bafulatana daga rugar da ke bayan Tafashiya. A ƙasa ta zo, da sandarta. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce mu ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna, ta zuba wa tabarmar da babu kowa a kanta ido har aka kira azahar. Da na kai mata ruwa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ku ba ku san ta ba."

Maganar ta sosa mini rai, don shekara ashirin da wani abu na yi ina kwana ina tashi da Inna. Amma da na yi tunani sai na ga kowace a cikinmu gefe ɗaya ta sani. Tun da Allah ya sa na koyi boko a ajin matan da aka buɗe mana a unguwa, ajin da Inna take cewa wurin koyon zanen kaji ne, na ga gara in rubuta gefen da na sani kafin ni ma a zo gaisuwata.

Ba a raba Inna da kekenta, don haka bari in fara da shi. Ba irin na telolin kasuwa ba ne da ake takawa da ƙafa. Ƙarami ne, baƙi wuluk, a kan 'yar kujera ake ɗora shi, mutum ya zauna a tabarma, hannun dama yana juya mariƙi, na hagu yana bin yadi. A jikinsa akwai zanen furanni masu ruwan zinariya da duk sun goge, sai alamarsu. Surukina, wanda ban riske shi ba, fataucin goro yake yi, shi ya sayo shi a kurmi wurin wata tsohuwa. Tsohuwar ta ce masa na uwarta ne, tun kafin Turawa su shigo ƙasar Hausa ake juya shi a can bakin teku. Niyyarsa ya kai Katsina ya sayar, amma ya rasa wanda ya san kansa, sai aka tura akwatin ƙarƙashin gado aka manta. Bayan shekara biyu ya rasu ya bar Inna da ɗa guda, wato mijina.

A cikin takaba ta jawo akwatin. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalliya, ga zuciya tana ciwo. Ta ce mini da farko ko inda ake zura zare ba ta sani ba. Ta yi sati tana juya mariƙi allura tana huda tsumma a banza, kafin ta gano ashe akwai wani zaren a ƙasa, a cikin ɗan kwarkwaro mai kama da kwalekwale. "Ranar da zaren sama ya kamo na ƙasa," in ji ta, "na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, na manta takaba nake. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa ni."

Lokacin da aka kawo ni ta riga ta yi suna. Tsoronta nake ji, kuma ba ni kaɗai ba. Doguwa ce, siririya, kullum da goro a kumatu, ga murya kamar ta namiji. Ba ta taɓa keken sai ta wanke hannu. Da gashin kaza take ɗiga masa mai. In ta gama ta rufe shi da wani tsohon zanenta na saƙi, kuma ko ƙuda ba ya sauka a kai ta yi shiru. Ƙyallen da ya faɗi komai ƙanƙantarsa ba a share shi, akwai tulun da take tarawa. Ba ta da igiyar awo. Da taƙi da kamu take auna yadi, mace kuwa kallo ɗaya take yi mata. In ka matsa mata sai ta ce, "Auna kuma, ba gudu muke ba." Wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga, a kan yadi, a kan gishirin miya, har a kan maganar aure.

Akwai abin da matan unguwa suke jin kunyarsa a wurinta. Kafin mace ta faɗa wa kowa tana da ciki, Inna ta gani. Ba za ta ce komai ba, sai dai in ta miƙa mata rigar ta ce, "Na bar miki wuri a gefe." Sai ka ga yarinya ta rufe fuska ta fita da gudu. Ni ma haka ta yi mini lokacin da nake da cikin 'yata ta fari, tun ni kaina ina tantama.

Labarin ƙawarta Bafulatana kuwa, a rana ta uku ta zaman makoki na ji shi cikakke daga bakinta. A da can matan ƙasarmu ba su sa riga ba, zane ake ɗaurawa a ƙirji, a yafa wani. Ita kuma wata shekara gobara ta kama bukkarsu, ta shiga ɗauko ɗanta, wuta ta cinye mata kafaɗa da damtse. Ta warke, amma tabon ya yi muni. Mai tallar nono ba ta iya yafa zane tana riƙe da ƙwarya a ka, ga mutane in sun ga tabon sai su kau da kai, wasu su fasa saye. Ta daina shigowa gari. Da Inna ta ga kwana da kwanaki babu mai kawo mata nono, sai ta bi sawu har ruga. Ta dube ta, ta koma gida, bayan kwana biyu ta dawo da riga mai dogon hannu ta baƙin yadi.

"Na ce mata ba zan sa ba," in ji tsohuwar. "Na ce da tabo suna kallo na, da wannan kuma dariya za su yi, su ce ga mace ta sa taguwar maza. Ta juya ta tafi. Ranar kasuwar Kankia sai ga ta ta dawo, ta yaye mayafinta. Ashe ta ɗinka wa kanta irinta sak. Ta ce, tashi mu tahi, in dariya ce a yi mana mu biyu."

An kuwa yi musu dariyar. Yara sun bi su, wani mahauci ya tambaye su ko sun shiga aikin ɗan doka. Inna ta tsaya ta ce masa eh, kuma da shi za su fara. Kafin shekara ta zagayo matan da suka yi dariyar suna aiko da yadinsu a ɓoye. Matan kulle musamman, waɗanda ba dama namiji ya auna su, duk gidanmu suka dawo.

Nawa gefen ya fara ne lokacin yaƙin Turawa na biyu, da aka ɗebi samari aikin soja, har da mijina. Da farko saƙo yana zuwa, daga baya ya ɗauke. Shekara biyu ba mu san ko yana raye ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ba ta kuma taɓa tambayar kowa labarinsa a gabana ba. A lokacin na ɗauka taurin zuciya ne.

Wata rana baffana ya zo daga Mawashi. Ya zauna a zaure, Inna ta zauna daga bayan ƙofa, ni ina tsugune a gefe. Ya ce yarinya ba za ta ƙare ƙuruciyarta tana jiran wanda ba a san inda yake ba, in an je gaban alƙali zai raba auren, su tafi da ni gida. Na jira Inna ta yi faɗa. Sai ta ce a hankali, "Ɗiyarku ce, ban hana ba. Gaskiya kuma kuka faɗa. Amma ku ba ta zuwa bayan Sallah, ta auna da kanta."

Da safe ta kira ni ɗakinta. Keken yana buɗe. Ta ce in wanke hannu. Na tsaya ina kallonta, don a shekarun da na yi a gidan ko murfinsa ban taɓa ɗagawa ba.

"Zauna mana," ta ce. "In kin tahi, ki tahi da sana'a. In kin zauna, ki zauna da sana'a. Ni dai ba zan riƙe ki da yunwa ba, ba zan kuma sake ki hannu wofi ba."

Wata uku tana koya mini. Ba ta yabo. In na yi daidai sai ta tauna goronta ta kalli wani wuri. Abu ɗaya take nanata mini, kada in ja yadi ta baya, in bar haƙoran keke su ja da kansu. Dalili kuwa shi ne allura. Yaƙi ya sa kaya sun daina zuwa. Direbobin manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina, waɗanda suka saba kawo mata allura da mai, kullum sai su ce sun zaga kantuna babu. Allurar keke kuwa ba irin ta hannu ba ce, a bakinta kafarta take, babu maƙerin da zai ƙera ta. Guda ɗaya ta rage mana. In ta dakushe Inna ta wasa ta a kan dutse a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Saura kwana tara babbar Sallah, ɗakin cike da yadin mutane. Yadi ya yi wuya a shekarun nan, wani gidan sun daɗe suna fafutuka kafin su sami abin da za a rufa wa yara jiki ranar idi. Inna ta fita alwalar walaha, ta bar ni ina kalmasa ƙafar wani wando na saƙi mai kauri. Na zo inda ya ninku huɗu, keken ya cije. Maimakon in tsaya, na sa hannu ta baya na ja. Sai na ji ƙas.

Ta shigo ta same ni a sandare. Ta durƙusa ta tsinci guntun allurar a tabarma, ta zare ɗayan daga keken, ta haɗa su a tafin hannunta tana kallo. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Can ta kama hannuna ta juya yatsuna.

"Ta soke ki?"

Na ce a'a.

"To."

Ta rufe keken. Ranar ba ta ci abinci ba. Ni kuwa na shiga ɗaki na ɗaure 'yan kayana, na ce ba sai an jira bayan Sallah ba, wadda ta kashe wa mutum sana'a ba ta da fuskar zama a gidansa.

Gari na wayewa ta leƙo. Ta ga ƙunshina, ta yi kamar ba ta gani ba. "Ki kai ɗiyarki maƙwabta," ta ce. "Ki zo ki ɗauki babban ɗaurin, ni in ɗauki ƙaramin. Kusada za mu."

A hanya, muna ratsa gonakin dawa da kayan mutane a ka, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Na san tana da wa a Kusada, kawun mijina, na kuma san ba sa zumunci, amma ba a faɗin dalili a gidan. Ashe maɗinki ne na hannu, kamar ubansu da kakansu. Ɗinki a gidansu aikin maza ne. Da ta fara ɗinka wa mutane taguwa da wando, sai wasu da suka saba kai masa suka koma wurinta, don abin da zai yi a sati ita a wuni take gamawa. Wata ranar kasuwa ya ga wani sanye da taguwar da ta ɗinka tun hannunta bai faɗa ba. Ya kama kafaɗar ya ja, ɗinkin ya zare tun daga wuya har hammata, a gaban jama'a. Ya ce to ga ɗinkin ƙarfe nan, ga kuma ɗinkin mata. Daga kasuwa ya wuce gidanta ya ce ta rufe abin nan, tana zubar da mutuncin gidansu, tana kuma cire wa maza abinci a baki.

"Ni kuma bakina bai da linzami," in ji Inna. "Na ce mishi, in keke ya hana ka ci, ka zo in ciyar da kai. Yayana, wanda ya goya ni. Ya dube ni, ya sa takalminsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Na ce, "Inna, yanzu in ya kore mu fa?"

Ta ce, "Sai mu dawo. Amma yaran mutane ba za su je idi tsirara ba don ni ina jin girman kai."

Mun same shi a zaurensa, tsoho mai farin gemu, riga a kan gwiwa yana yi mata aiki a wuya. Inna ta sauke kayanta, ta durƙusa har ƙasa. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba.

"Yaya, ina wuni."

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Wa nake gani kamar mai keke?"

"Ni ce."

"Mi ya faru? Keken ya mutu?"

"Allura ta karye."

"Allura," ya maimaita. "Duk wanga uban ƙarfe, ashe da allura ɗaya yake numfashi. Wa ya karya ta?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "A gidana ta karye." Sannan ta ƙara da cewa, "Yaya, na zo ka ciyar da ni."

Na ga allurar hannunsa ta tsaya. Ya juya fuskarsa wajen bango. Sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙi ruwa, ko so ake su mutu a zaurensa. Ya jawo ɗaurin ya kwance, ya ɗaga wani yadi da aka riga aka yanka, ya juya shi gaba da baya.

"Wa ya yanka wanga?"

"Ni," in ji Inna.

"Hm. Ba laifi."

Kwana shida muka yi a Kusada. Ya kira abokan sana'arsa biyu, suka zauna a zaure, ni da Inna da matarsa muna daga ciki, daga fitowar rana har ido ya daina ganin zare. Shi ya koya mini ɗinkin hannu na gaske, yana leƙowa yana duba nawa. Shi da Inna kuwa faɗa suka dinga yi ta katanga kamar yara. Ya ce ɗinkinta na hannu kamar sawun kaza, ta ce shi kuma kafin ya gama wando ɗaya mai wandon ya yi jika. Matarsa ta raɗa mini cewa rabon da ta ji yana dariya haka tun kafin ya yi furfura. Ana jajibiri muka dawo Kankia da jakinsa ɗauke da kaya, kowa ya karɓi nasa.

Bayan Sallah baffana ya dawo jin amsa. Na ce masa ina nan. Inna tana jin mu. Da ya tafi sai ta ce miyar jiya gishiri ya yi yawa.

Bayan kamar wata guda, sai ga Kawu da rana tsaka, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Daga Katsina yake. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga naɗinta, ya buɗe. Allurar keke guda biyu. Kwana huɗu ya yi yana bin teloli ɗaya bayan ɗaya, shi da ya rantse ba zai taɓa tsayawa a gaban mai keke ba, har ya dace da wani tsoho da ya tausaya masa.

"Ba don abin naki ba," ya ce wa Inna. "Don kada ku sake cika mini gida ne."

Ya sha fura, ya ƙi tashi. Can ya ce, to a buɗe mana mu ga yadda aljanin yake yi. Inna ta ɗaura allura, ta sa ƙyalle, ta ce ya juya. Ya kama mariƙin ya juya shi baya, zare ya cukurkuɗe. Ta daka masa tsawa, ya ce ai keken ne bai san manya ba. Daga ranar har ya rasu, duk ranar kasuwa a gidanmu yake cin abincin rana.

Mijina ya dawo bayan an gama yaƙi, a motar da ta sauke shi a bakin hanya, ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Unguwa ta ruɗe da guɗa. Ya shiga ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa. Ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai, ta ce, "An dawo? Sannu." Shi ke nan. Da ya fita ta kira ni, ta buɗe wani kwando da ban san da shi ba. Riguna ne na maza guda huɗu, sababbi, kowace Sallah babba ta ɗinka ɗaya ta ajiye. Ta miƙo mini su.

"Ki rage musu taƙi ɗaya a gefe," ta ce. "Ba su ba shi abinci ba a can."

Shekarun baya idonta ya yi ta raguwa. Ta fara da ba ni zura zare, daga nan yanka, daga nan ta bar mini keken gaba ɗaya, ta koma zama a gefena tana sauraro. Da kunne take gane in zare ya yi tauri ko mai ya ƙare. Teloli masu keken ƙafa sun yi yawa a kasuwa, har mijina ya ce zai sayo mana irinsa. Ta ce ita ba ta ga dalilin da mutum zai yi ɗinki da ƙafar da yake taka kashin awaki ba.

Ana saura kwana biyar ta rasu, da hantsi, ta ce in fito da ita inuwar ɗaki. 'Yata ta fari, wadda aka aurar a Kusada, cikinta ya tsufa. Inna ta ce a samo farin yadi mai laushi, za ta yi wa abin da za a haifa riga. Na ce ta bari in yi. Ta ce a'a, ido ne ya tafi, hannu yana nan. Sai muka zauna kafaɗa da kafaɗa, ita tana juya mariƙi, ni ina bin yadi. Tana juyawa tana hutawa, numfashinta yana fita da ƙyar. Da muka kai ƙarshen gefe ɗaya ta karɓa ta bi ɗinkin da yatsa.

"Ya karkace," ta ce.

Na ce, "Ai ke ce kike juyi kina tsayawa, Inna."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta dafa gwiwata, ta bar hannunta a nan.

"Bar shi haka, jariri bai san karkace ba. Na gaji, ɗiyata. Gobe mu yi ɗaya gefen."

Washegari ba ta iya tashi ba, ba ta kuma sake fitowa tsakar gida da ƙafarta ba.

Bayan sadakar bakwai na ƙarasa rigar ni kaɗai. Jiya aka aiko daga Kusada, 'yata ta sauka lafiya, an sami mace. Gobe da sassafe zan tafi da rigar, gefe ɗaya a miƙe, gefe ɗaya a karkace, in sa mata da hannuna.

Allah Ya yafe wa Inna kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci, Ya suturta ta a can kamar yadda ta suturta bayinSa a nan. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.